Juyin Waina da Tashin Motar Tsere

A Amurka akwai wani tseren mota da ake gamawa kafin ɗan kallo ya gama gyara zama. Motoci biyu ne ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a bakin miƙaƙƙen titi, babu kwana babu zagaye, fitila ta haska, su zabura, wanda ya riga kai hanci layin ƙarshe shi ya ci. Hukumar NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a 1951, ita ce uwa a wannan harka ta tseren gajeren zango. Manyan motocinta, na rukunin Top Fuel, injinsu na da ƙarfin doki wajen 11,000, kuma suna cinye ƙafa 1,000, wato kimanin mita 305, cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu, da gudun da ya haura kilomita 530 a awa. Da can zangon ƙafa 1,320 ne, rubu'in mil, sai aka rage wa Top Fuel da Funny Car a 2008 bayan hatsarin da ya yi ajalin direba Scott Kalitta. Sauran rukunoni, irin su Pro Stock, har yau rubu'in mil suke yi.

A irin wannan gudu, kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ya kai tazarar mita ɗaya da rabi a layin ƙarshe. Shi ya sa ake yawan ganin abin da ke ɗaure wa baƙon kallo kai: allo ya nuna motar hagu ta fi ta dama gudu, amma fitilar nasara ta kama a dama. Dalili shi ne agogon da ke auna gudun mota ba ya fara lissafi sai ta bar wurin tsayuwarta, alhali tseren kansa ya fara tun da koriyar fitila ta haska. Direban da ya riga tashi ya sa riba a aljihu tun kafin injina su fara gwada ƙwanji. Wannan ɗan taƙin da ke tsakanin haskawar kore da barin layi shi ne lokacin zabura, kuma a kansa masoya wasan ke tafka gardama. Kowace kaka ana fitar da jadawali: direba wane matsakaicinsa kaza, wance nata kaza, sai a jera su daga sama zuwa ƙasa a naɗa na farko sarkin tashi. Ni kuwa ina ganin wannan jadawali, idan aka karanta shi shi kaɗai, yana zaluntar wasu direbobi kuma yana rufa wa wasu asiri. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai waina da sassafe yana da abin da zai gane dalili da shi.

Sai an fara sanin yadda ake tashin. A tsakanin layukan biyu akwai dogon ƙarfe mai jerin fitilu wanda suke kira bishiyar Kirsimeti. An shigo da ita a 1963, ta maye gurbin mutumin da ke tsayawa tsakanin motoci yana ɗaga tuta. A ƙasa, dab da kwalta, akwai zaren haske guda biyu da suka ratsa kowane layi, tsakaninsu inci bakwai. Idan tayar gaba ta katse na farko, fitilar sama ta nuna direba ya matso. Idan ta katse na biyu, ya shirya ke nan. Da duka biyun sun shirya, sai fitilu uku masu ruwan ɗorawa su haska. A tseren ƙwararru tare suke kamawa, bayan daƙiƙa 0.4 kore ya biyo. A yawancin rukunonin masu sha'awa kuwa ɗaya bayan ɗaya suke saukowa, rabin daƙiƙa tsakanin kowace da mai bi mata. Wanda tayarsa ta bar zaren haske kafin kore, jar fitila ce rabonsa, kuma ya faɗi nan take komai gudun da motarsa za ta yi daga baya.

To, idon ɗan Adam da ƙafarsa suna bukatar wajen kashi biyu cikin goma na daƙiƙa kafin a ga haske a motsa. A gasar guje-guje ta duniya ma, wanda ya motsa cikin ƙasa da daƙiƙa 0.100 bayan ƙarar bindiga ana ɗaukarsa ya yi riga-malam-masallaci, kuma a kan 0.099 aka kori Devon Allen daga zagayen ƙarshe na tseren tsallake shinge a Eugene a 2022. Ke nan direban da allo ya rubuta masa 0.020 bai jira kore ba, don da ya jira da an bar shi a baya nesa. Ruwan ɗorawa yake gani ya saki, ya bar wa sauran lokacin ya ƙare a tafiyar saƙo daga ido zuwa ƙafa, daga ƙafa zuwa inji, daga inji zuwa taya, har tayar ta mirgina ta fita daga zaren haske daidai lokacin da kore ke kamawa.

Haka mai waina take aiki. Dubi hannunta. Ta ɗiga man gyaɗa a kowane gurbi na tanda, ta bi da ludayin ƙullu, gurbi bayan gurbi, kafin ta kai na ƙarshe na farko ya fara tsuwa. Ba ta ganin ƙasan waina, don yana kife cikin gurbi. Abin da take gani shi ne gefen ya fara ɗaukar launi yana sakin tanda, saman ya fara ƙananan ramuka, tsakiyar ta daina rawa. Waɗannan su ne fitilunta masu ruwan ɗorawa. Idan ta ce sai ta tabbatar ƙasan ya yi ja kafin ta ɗauki cokali, kafin cokalin ya shiga ya juya ta makara. Saboda haka tana fara motsi tun kafin lokacin ya cika, da sanin cewa tafiyar hannunta za ta cinye abin da ya rage.

Kuma kuskurenta iri biyu ne, waɗanda nauyinsu ba ɗaya ba. Idan ta ɗan makara, wainar ta yi duhu, gefenta ya ƙara ƙarfi, amma tana sayuwa. Akwai ma masu cewa, "Inna, a zaɓo mini masu ƙonannen gefe." Idan kuwa ta yi gaggawa ko da ƙiftawar ido ce, cikin yana ɗanye, wainar ta fashe a kan cokali, ƙullu ya kwarara ya manne a gurbi, an yi asarar ƙullu da mai, sai ta kankare ta sake zubawa. Makara tana rage daraja kaɗan-kaɗan, gaggawa kuwa tana cinye abin ɗungum. Direban da ya tashi a 0.060 maimakon 0.040 ya ba abokin karawarsa rata, amma yana cikin tsere, motarsa na iya cike giɓin. Wanda ya riga kore da 0.001 kacal ya gama nasa, sai loda mota a tirela.

Daga nan matsalar farko ta jadawali ke fitowa. Mai saye da ya zo ya tarar da faifan waina a jere, duk jajaye masu kyau, zai ce wannan baiwar Allah hannunta ba ya kuskure. Bai ga kwanon da ke gefen murhu ba, inda take zuba fasassu. Mai lissafin da ya tattara lokutan zabura na direba yana fuskantar wannan kwano, kuma duk hanyar da ya bi cikin saukin kai ɓata ce. Idan ya cire jajayen fitilu daga lissafi, ya ɓoye asarar, direba mai kasada ya fito tsaf kamar bai taɓa zubar da ƙullu ba. Idan kuma ya saka su da lambobinsu, abin ya fi muni, domin jar fitila ana rubuta ta da alamar ragi, ƙasa da sifili, sai ta ja matsakaicin ƙasa, laifin ya koma ado. Mu ƙaddara direba ya tashi sau huɗu a 0.030, na biyar ya riga kore da 0.020. Idan aka haɗa duka aka raba biyar, 0.020 za a samu, wato ya fi wanda ya yi 0.030 sau biyar cur kyan lamba, alhali shi ya zubar da tsere guda da hannunsa, ɗayan bai zubar da ko ɗaya ba. Jar fitila ba lamba ce da ake gauraya da sauran ba. Gurbinta daban ya kamata a ware, a rubuta sau nawa cikin tashi nawa, a ajiye kusa da matsakaicin ta yadda ido ba zai ga ɗaya ya tsallake ɗaya ba.

Ko an warware wannan, matsakaici yana da wata larura tasa. Lokutan zabura ba sa bazuwa daidai a ɓangarori biyu. Ta gefen sauri akwai katanga, wato sifili, ta gefen makara kuwa fili ne buɗe. Wani lokaci hankalin direba ya ɗauku, ko abokin karawa ya ja masa rai wajen shiga layi har tunaninsa ya rabu, ko hayaƙin mai ya cika masa ido, sai ka ga 0.250 a allo. Lamba ɗaya irin wannan tana iya lalata lissafin kaka guda. A ce direba na farko ya yi 0.050 sau tara, sau ɗaya ya yi 0.250. Matsakaicinsa 0.070. Na biyu kullum 0.065 yake yi, ba ya gaba ba ya baya. Jadawali zai ɗora na biyu a sama. Amma haɗa su su kara sau goma, na farko zai riga tashi sau tara. Mai wainar da yaro ya faɗi kusa da murhunta ta juya ta ɗauke shi, gurbi ɗaya ya ƙone ƙurmus, ba a auna hannunta da wannan guda. Masu ƙididdiga suna da magani mai sauƙi: a jera lambobin daga ƙarama zuwa babba a ɗauki ta tsakiya. Ta tsakiya ba ta damu da girman ɓarna guda ba, tana faɗin abin da mutum ya saba yi ne. A misalin nan za ta ba na farko 0.050, na biyu 0.065, kuma wannan ya fi kusa da abin da ɗan kallo zai gani da idonsa.

Sai dai ban yarda a jefar da waccan 0.250 a manta ba. Ta faru, kuma mai yiwuwa ta jawo faɗuwa. Wurinta yana cikin tambaya ta gaba, wadda a ganina ta fi kowace muhimmanci, wato yaya lambobin mutum suke warwatse.

Nan ne ake rabe ƙwararriya da mai sa'a. Mata biyu na iya zama, a jimlace, suna juya waina a kan kari. Amma ta farko duk wainarta launi ɗaya ce, kamar an buga da hatimi. Ta biyu kuwa wannan fara sol, waccan baƙa, idan ka haɗa ka raba sai ka ce daidai ne, alhali babu ko guda da ta yi daidai. Abin da ya fi wannan, daidaiton hannu shi ke ba mace damar matsawa kusa da gaɓa. Wadda ta san hannunta ba ya kauce wa lokacinsa za ta iya juyawa da wuri-wuri, ta sami waina mai laushin ciki, ta kuma sallami layi da sauri, ba tare da tsoron fashewa ba. Wadda hannunta ke rawa dole ta riƙa jinkirtawa don kariya, ko kuwa kwanon fasassu ya cika. Haka direba. Wanda lambobinsa ke taruwa cikin tazarar 0.010 zai iya saita kansa da motarsa a 0.020 ya kwana lafiya. Wanda nasa ke yawo cikin tazarar 0.040, in ya saita a 0.020, jar fitila na jiransa ba da jimawa ba. Saboda haka ƙaramin matsakaici iri biyu ne: akwai wanda daidaito ya haifa, akwai wanda ganganci ya haifa, kuma a jadawali kamarsu ɗaya. Ma'aunin warwatsuwa, wanda ke nuna nisan da lambobi suka saba yi daga tsakiyarsu, shi ke tona wanne ne wanne. Jadawalin da bai kawo shi ba ya bar rabin labari a gida.

Duk wannan a kan tanda ɗaya muke magana. To ina ga an canza tanda?

Duk mai suya ta san tandar ƙasa da ta ƙarfe ba halinsu ɗaya ba, wutar itace da ta gawayi da ta gas kowace da tafiyarta, kuma ko a tanda guda guraben tsakiya sun fi na gefe zafi. Ba za ka tsaya da agogo kan mai tandar ƙarfe a kan gas da mai tandar ƙasa a kan itace ka ce wadda wainarta ta riga nuna ta fi gwaninta ba. Lambar da ake kira lokacin zaburar direba ba tasa ce shi kaɗai ba, rabinta na mota ne. Direban Pro Stock yana ɗaga injin ya riƙe, ƙafarsa a kan kuloci, sakin ƙafa kawai zai yi mota ta yi tsalle, kuma makanikansa na iya saita kulocin ya ƙara sauri ko ya rage. Direban Top Fuel kuwa injinsa na kwance a ƙaramin juyi, sai ya saki birkin hannu ya taka totur, mai ya kwarara, kulocin ya kama, manyan tayoyin baya su murɗe kafin motar ta gusa. Shi ya sa a Pro Stock galibi ake ganin 0.010 zuwa 0.040, a motocin nitiro kuwa, wato Top Fuel da Funny Car, 0.050 zuwa 0.080 ba abin kunya ba ne. Erica Enders, mai kambu shida a Pro Stock, ta yi suna da iya tashi, haka Justin Ashley a Top Fuel cikin 'yan shekarun nan. Wanda ya jera lambobinsu a layi ɗaya ya ce ga wanda ya fi, tanda ya auna. A wasu rukunonin masu sha'awa ma an halatta wata na'ura da ke riƙe mota na ɗan lokacin da aka saita bayan direba ya saki maɓalli, don haka lambobinsu kan yi ƙanƙanta ƙwarai, ba tare da hakan na nufin sun fi ƙwararru kaifin ido ba.

Har cikin rukuni ɗaya akwai wata dabara da ke rikita lissafi, kuma ita ce na fi so mai karatu ya riƙe. Agogon zabura yana tsayawa ne lokacin da tayar gaba ta fita daga zaren haske. Direban da ya tsaya da zarar tayarsa ta taɓa zaren yana da 'yan inci da zai mirgina kafin ya fita. Wannan na ƙara masa lokacin zabura, amma yana ba shi gudun fanfalaki kyauta kafin agogon gudu ya fara, sai lokacin gudunsa ya yi kyau. Wanda ya ƙara gusawa ciki, wani lokaci har fitilar sama ta mutu, ya rage abin da zai mirgina: lambar zaburarsa ta ragu, lokacin gudunsa ya ƙaru. Ƙafarsa ba ta ƙara sauri ko kaɗan ba, lamba ce ya kwashe daga aljihun makanike ya zuba a nasa. Kuma abin ba kyauta ba ne, domin a zagaye na gaba wanda ya fi kyan lokacin gudu shi ke zaɓar layin da yake so, kuma ranar da layi ɗaya ya fi ɗaya riƙe taya, wannan zaɓi na iya zama shi ne nasarar. Akwai shugabannin makanikai da ba sa so direbansu ya shiga ciki saboda haka. Direban da ke biyayya, yana tsayawa a baki don amfanin ƙungiya, zai fito a ƙasan jadawali, mai son kansa ya fito a sama. Mai waina ma ta san wannan hanya: rage ƙullu a ludayi, waina ta yi saurin nuna, layi ya yi saurin tafiya, amma wanda ya kai gida ya buɗe leda zai ga ta ƙanƙance. Hanyar kama wannan ita ce duba lambobin biyu tare, zabura da gudu, musamman lokacin ƙafa 60 na farko, a ga ko abin da aka samu a nan an biya shi a can.

Zamani ma tanda ne. Kafin 2003 cikakkiyar zabura a tseren ƙwararru 0.400 ake rubuta ta, don daga ruwan ɗorawa ake fara ƙirga. A shekarar aka mayar da ita 0.000, aka kuma sauya ƙwayayen fitila masu zare da na LED, waɗanda ke kamawa nan take ba sai sun yi zafi ba. Mai son gwada direbobin yau da su Shirley Muldowney, wadda ta ci kambun Top Fuel a 1977 da 1980 da 1982, ko da ya cire 0.400 ɗin bai gama gyara ba, don fitilar da ta kalla ba irin ta yau ba ce. Haka tashin gwajin neman gurbi, inda zabura ba ta da lada kuma kowa lokacin gudu yake nema, bai kamata a zuba shi tukunya ɗaya da na ranar fitar da gwani ba. Tseren layi huɗu da ake yi a Charlotte tun 2010, inda direba ke lura da mutum uku maimakon ɗaya, shi ma da nasa hali.

Sai tambayar da masu gardama suka fi ƙin ji: waina nawa ka ci kafin ka yanke hukunci? Baƙon da ya sauka a tasha ya ci guda uku ya tafi, abin da zai faɗa kan mai wainar ba ya kai na maƙwabcin da yaransa ke zuwa da kwano kowace safiya shekara da shekaru. A tseren ƙwararru motoci 16 ke shiga ranar fitar da gwani, zagaye huɗu ne, wanda ya faɗi ya tafi gida. Kakar wasa kuwa gasa ashirin da 'yan kai ce ko kusa da haka. Ke nan wanda motarsa ba ta da ƙarfi, yana yawan faɗuwa a zagayen farko, da kyar zai tara tashi 25 ko 30 a shekara, mai ƙarfin mota ya ninka shi. Lissafi ya nuna rashin tabbas da ke cikin matsakaici yana raguwa ne a hankali: kafin ka rage shi da rabi sai ka ninka yawan gwaji sau huɗu. Idan lambobin direba sun saba warwatsuwa da 0.020 kuma tashi 25 gare shi, matsakaicinsa na iya kaucewa gaskiyar hannunsa da wajen 0.004 sama ko ƙasa ba tare da wani dalili ba sai faɗuwar sa'a, wani lokaci ma ninkin haka. Idan mutum biyu ake gwadawa, rashin tabbas ɗin ya kusa 0.006. To ga jadawali ya sa wani na uku, wani na bakwai, bambancinsu 0.005. Wannan jeri ba shi da tushen da za a gina magana a kai, baɗi yana iya juyewa ba tare da ɗayansu ya ƙaru ko ya ragu da komai ba.

Francis Galton ya bayyana wani abu mai kama da haka a 1886, lokacin da yake nazarin tsawon iyaye da 'ya'yansu a Ingila: abin da ya yi fice ƙwarai a awo na farko yakan dawo kusa da tsakiya a na biyu, domin ficen nasa haɗin iyawa ne da sa'a, kuma sa'a ba ta yin alkawarin dawowa. Direban da ya yi kaka mai ban mamaki sannan ya ɗan sauko, sai ka ji ana cewa ya yi sanyi, ko shekaru sun kama shi, ko kuɗi sun sa ya saki jiki. Sau da yawa babu abin da ya same shi. Abin da ke tabbatar da gwani shi ne a gan shi kusa da sama shekara bayan shekara, har da bayan ya sauya mota ko ƙungiya. Shi ya sa ake girmama irin su Antron Brown, wanda ya fara da tseren babur kafin ya koma Top Fuel ya ci kambu a 2012, da Shawn Langdon, wanda ya ci kambun Super Comp a 2007 da 2008 kafin na Top Fuel a 2013. Hannun da ya yi kyau a tanda biyu daban ya fi ƙarfin a ce sa'a ce.

Akwai kuma abin da lamba ba ta gani sam sai an nuna mata, wato wa ke tsaye a gaba. Ranar da layin masu saye ya yi tsawo, motar kasuwa na shirin tashi, mai waina takan matsa kusa da gaɓa ta ɗauki kasada, don in ba ta yi ba cinikin zai wuce ta. Ranar da mutum biyu ne kawai a zaune kan benci suna jiran miyar taushe ta yi zafi, me zai kai ta gaggawa? Direban da ya san motarsa ta fi ta abokin karawa gudu da 0.100, hankali ya ce ya ɗan ja baya, ya karɓi 0.070 lafiyayya, don abin da kawai zai kayar da shi shi ne jar fitila. Wanda motarsa ke baya kuwa ba shi da abin asara, dole ya nemi 0.020 ko ya mutu a ƙoƙari. A ƙarshen shekara na biyun na iya fin na farko kyan matsakaici, alhali na farkon ne ya yi abin da ya dace a kowane zagaye. Lambar da ta yi muni saboda hikima da wadda ta yi muni saboda nawa, a takarda ba a bambance su.

Ba ina cewa a watsar da ƙididdiga a koma ga "ni dai na ga alama" ba. Ido ya fi jadawali saurin ruɗuwa, yana riƙe tashi ɗaya mai ban sha'awa a wasan ƙarshe na gasar Indiyanapolis ya manta da goma marasa kyau a wasu wurare. Abin da nake so shi ne a yi lissafin da ya dace da tambayar. Idan tambayar ita ce wa ya fi iya tashi, a gwada mutane cikin rukuninsu, a zagayen fitar da gwani kaɗai, a kawo lambar tsakiya da warwatsuwarta da yawan jajayen fitilu, a faɗi tashi nawa aka ƙirga. Sannan a ƙara abin da ya fi kusa da manufar tseren, wato sau nawa ya riga wanda ke gefensa barin layi, kuma a tseren da motocin biyu suka yi kusan kunnen doki, sau nawa tashinsa ne ya kawo nasara, sau nawa ya jawo faɗuwa. Duk waɗannan lambobi ana iya fitar da su daga takardar da ake miƙa wa kowane direba bayan ya gama gudu, ba sai an ƙirƙiro sabuwar na'ura ba.

Kai mai karatu, idan jadawalin nan ya zo gabanka da lamba ɗaya tilo a gaban kowane suna, kada ka karɓi jerin a matsayin hukunci. Nemi yawan tashin da aka ƙirga da yawan jajayen fitilun da aka cire. In ba a kawo su ba, bambancin 0.005 tsakanin direbobi biyu bai isa ka ce wani ya fi wani ba.